Wa ke cin riba a kasuwar na'urorin gem? Tambayoyin da ake yi mini a shago da amsoshinsu

Na daɗe ina gyaran na'urorin gem a wani ƙaramin shago a Jidda. Bayan sallar isha'i samarinmu Hausawa kan taru a bakin ƙofa, wannan ɗan Soni, wato PlayStation ta kamfanin Sony, wancan ɗan Xbox ta kamfanin Microsoft, a yi ta musu har sai na fara sauke ƙofar shago. A lokacin Umara kuma alhazai kan biyo ta wajenmu neman tsarabar yara kafin su hau jirgi. Tambayoyin da nake sha daga ɓangarorin biyu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Inda na kawo farashi da dala, a tuna dala ɗaya riyal 3.75 ce, kuma haka take tun 1986, don haka lissafin ba wuya.

Da gaske ne kamfanoni na sayar da na'urar a ƙasa da abin da suka kashe wajen ƙera ta?

Da gaske ne, musamman a shekarun farko na kowane sabon zubi. Lokacin da PlayStation 3 ta fito a 2006, babbarta dala 599 ce, wato kusan riyal 2,250, mutane suna ta kukan tsada. Amma masu kwance na'ura su ƙididdige kuɗin kayan cikinta sun kiyasta cewa ƙera kowace guda ya haura dala 800. Ka ga ke nan duk wanda ya saya a lokacin, kamfanin ne ya cika masa fiye da dala 200 daga aljihunsa.

Na Microsoft ma ba jita-jita ba ne. A shari'ar kamfanin Epic da Apple a 2021, wata babbar jami'ar Xbox, Lori Wright, ta shaida wa kotu cewa ba su taɓa cin riba a kan sayar da na'urar ita kanta ba. Shekara guda bayan haka shugaban Xbox, Phil Spencer, ya ce suna faɗuwar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Sony kuwa ta sanar a watan Agustan 2021 cewa PlayStation 5 mai cin faifai ta daina jawo mata faɗuwa, watanni tara bayan fitowarta.

To in haka ne, ina kuɗin ke fitowa?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'urar ƙofa ce kawai, ciniki yana cikin ɗaki. Duk wasan da ka saya ta shagon intanet na na'urar, mai na'urar kan ɗauki kusan kashi 30 cikin ɗari, ko da ba shi ya yi wasan ba. In faifai ka saya, wanda yaran nan ke kira sharit, nan ma yana da kuɗin lasisi a kai. In kuma wasan na gidansa ne, kamar Mario a wajen Nintendo, to kusan duka nasa ne. Ga kuɗin wata-wata na wasa da mutane ta intanet: Microsoft ta fara karɓa tun 2002, Sony ta wajabta shi da zuwan PlayStation 4 a 2013, Nintendo ta bi sahu a 2018. Ga hannun wasa na biyu, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, wanda ba gidan da ke da yara biyu zai zauna babu shi.

Akwai wani bawan Allah, direba ne, da ya saya wa ɗansa na'ura bayan ya ci jarrabawa. Bayan kamar shekara biyu ya kawo mini ita don a share ƙura. Ina kwance murfi, fankar ta cushe da ƙura kamar audugar katifa, shi kuma yana zaune a kan kujerar roba yana duba tsofaffin saƙonnin banki a wayarsa. Can ya ɗago ya ce, "Malam, ashe katin kuɗin wasan da nake saya wa yaron nan duk wata ya fi kuɗin akwatin?" Muka zauna muka tara, sai ga shi ya fi. Wannan lissafin da muka yi a bayan takardar rasit shi ne ainihin lissafin da kamfanonin suka yi tun kafin su sa wa na'urar farashi.

Wa ya fara wannan tsarin?

Tsarin karɓar kuɗi a kan wasan wasu, Nintendo ce ta kafa shi da ƙarfi, kuma ta koyi darasi ne daga abin da ya sami Atari. Atari 2600 ta fito a 1977 ta mamaye Amurka, amma ba ta da iko a kan wanda zai yi mata kaset. Kowa ya shigo, aka cika kasuwa da tarkace, masu saye suka gaji. A 1983 kasuwar ta rushe, Atari ta yi asarar fiye da dala miliyan 500 a shekarar, har ta kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ta binne a Alamogordo da ke jihar New Mexico. An tono su a 2014.

Nintendo, wadda ta fara da sayar da katin wasa a birnin Kyoto tun 1889, ta fitar da Famicom a Japan a 1983, ta kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. A wadda ta kai Amurka ta sa wani ɗan guntun makulli a ciki, wanda ba ya barin kaset ɗin da ba ta amince da shi ba ya yi aiki. Ta kuma taƙaita wa kowane kamfani wasa biyar a shekara, kuma ita ke buga kaset ɗin ta sayar musu. Masu yin wasanni sun ji jiki, amma kasuwa ta farfaɗo, aka sayar da na'urar fiye da miliyan 60. Waɗanda suka taso a nan ƙasar za su tuna kwaikwayonta da ake kira kwamfutar iyali, mai kaset ɗaya da aka rubuta wa ɗaruruwan wasanni a jiki.

Me ya kashe Sega, alhali ita ce ta taɓa karawa da Nintendo?

Sega ba ta mutu ba, ƙera na'ura ta daina. Mega Drive ta 1988 da wasan Sonic na 1991 sun girgiza Nintendo ƙwarai a Amurka da Turai. Matsalar ta faro ne da Saturn, wadda ke da tsadar ƙerawa da wuyar rubuta wa wasa. A baje kolin E3 na 1995 Sega ta sanar da farashin dala 399, sai wakilin Sony ya hau mumbari ya faɗi lamba ɗaya tak, 299, ya sauka. Dreamcast ta 1998 na'ura ce mai kyau, ni kaina ina ganin ta riga zamaninta, amma ta tarar da kamfani wanda asara ta riga ta cinye. An sayar da kusan miliyan 9, aka dakatar da ita a 2001. Shugaban kamfanin, Isao Okawa, ya ba da yen biliyan 85 daga dukiyarsa don kada kamfanin ya durƙushe, ya rasu a shekarar.

Wanda ke sayar da kaya a kan faɗuwa sai yana da wani abin da zai riƙe shi har riba ta zo. Sony tana da talabijin da rediyo da waƙa da fim. Microsoft tana da Windows. Sega ba ta da bango irin wannan da za ta jingina.

Yaya aka yi Sony ta shigo?

Ta ƙofar ɓacin rai. Sony da Nintendo sun yi yarjejeniyar haɗa na'ura mai cin faifai. A 1991 Sony ta sanar da ita a bainar jama'a, washegari Nintendo ta ce ita da Philips za ta yi. Injiniya Ken Kutaragi ya matsa wa shugabanninsa su ci gaba su kaɗai, PlayStation ta fito a Disambar 1994. Buga faifai ya fi buga kaset araha nesa ba kusa ba, kuma ya fi ɗaukar kaya, shi ya sa masu yin wasanni suka yi ƙaura. Wasan Final Fantasy VII na 1997, wanda ya bar Nintendo ya fito a PlayStation, shi ne babbar shaida. PlayStation ta wuce miliyan 100, Nintendo 64 mai kaset ta tsaya a wajen miliyan 33.

Wanda ya fi sayar da na'ura ba shi ne ya fi cin riba ba?

Nan ne nake yawan saɓawa da samarin bakin shago, domin su lambar da suke riƙewa ɗaya ce: guda nawa aka sayar. Ɗan kasuwa kuwa ya san yawan ciniki daban, riba daban.

Ɗauki zubin farkon shekarun 2000. PlayStation 2 ta sayar da fiye da miliyan 160, kuma mutane da yawa sun saye ta ne don tana kunna DVD. Wannan nasara ce ta gaske, a lamba da a aljihu. Amma dubi na biyu da na uku. Xbox ta farko, ta 2001, ta sayar da kusan miliyan 24, GameCube ta Nintendo kuma kusan miliyan 22. A lamba Xbox ce gaba. A aljihu kuwa an kiyasta Microsoft ta yi asarar kusan dala biliyan 4, ita kuwa Nintendo ba ta rufe ko shekara ɗaya da faɗuwa ba a wancan lokacin, domin na'urarta mai arahar ƙerawa ce, wasannin da aka fi saye a kanta nata ne, ga kuma na'urarta ta aljihu, Game Boy Advance, tana shigo da kuɗi. To tsakanin su biyun wa ya ci kasuwa?

Zubin da ya biyo baya ya fi fito da abin fili. Xbox 360 ta riga kowa fitowa a 2005, amma na'urori masu yawa suka riƙa mutuwa suna nuna jan zobe, har a 2007 kamfanin ya ware fiye da dala biliyan 1 don gyara da tsawaita garanti. PlayStation 3 ta shafe shekaru tana cinye ribar da yayarta, PlayStation 2, ta tara. Kowaccensu ta ƙare a sama da miliyan 80. Ita kuwa Wii ta Nintendo, mai dala 249, kayan cikinta ba su yi nisa da na GameCube ba, masu son hoto mai kyau suna raina ta, amma tun ranar farko da riba ake sayar da ita, kuma ta wuce miliyan 100. Ta shiga gidajen da ba a taɓa wasan gem ba, kaka da jika suna wurga hannu a gaban talabijin.

Ni a ganina wannan shi ne zubin da ya fi kowanne koyarwa. Kamfanoni biyu sun zuba dukiya suna tseren ƙarfin inji, na ukun ya tsaya ya tambayi kansa su wa ba a sayar wa ba tukuna.

Ke nan Nintendo ba ta taɓa faɗuwa ba?

Ta faɗi, faɗuwa mai zafi. A 2011 na'urarta ta aljihu 3DS ta ƙi tafiya, aka zabge farashinta daga dala 249 zuwa 169 cikin 'yan watanni. Wii U ta 2012 kuwa mutane da yawa sun ɗauka ƙarin kaya ne na tsohuwar Wii, ta ƙare a miliyan 13.56 kacal. Kamfanin ya yi shekara uku a jere yana asara a harkar kasuwancinsa. Shugabansa na lokacin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa har sau biyu, a 2011 da 2014, ya ƙi korar ma'aikata. Wannan halin yana burge ni har yau. Ya rasu a 2015, bai ga fitowar Switch ba a 2017, wadda ta haɗa ta gida da ta hannu wuri guda ta wuce miliyan 150. Switch 2 ta fito a ranar 5 ga Yunin 2025, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu.

Abin da ya riƙe su shi ne ajiya. Ribar Wii da tsohuwar na'urar aljihu DS ba su watsar da ita ba, da rani ya zo akwai hatsi a rumbu.

Xbox ta sha kaye ke nan?

A sayar da akwati, e. A 2013 Xbox One ta fito a dala 499, PlayStation 4 a 399, kuma tun kafin fitowa Microsoft ta ɓata wa mutane rai da maganar taƙaita musayar tsofaffin faifai, ko da yake ta janye. PlayStation 4 ta kai kusan miliyan 117, kimanin ninki biyu. Kuma wannan ne zubin da mutane suka fara tara wasanninsu a asusun intanet, wanda ya tara a gida ɗaya da wuya ya tashi ya bar kayansa.

Sai Microsoft ta sauya abin da take sayarwa. Ta kawo Game Pass a 2017, ka biya kuɗin wata ka yi wasa da ɗaruruwa. Ta sayi ZeniMax a dala biliyan 7.5 a 2021, sannan Activision Blizzard, masu Call of Duty, a kusan dala biliyan 69, cinikin da aka kammala a Oktoban 2023. Yanzu wasanninta na gida irin su Forza Horizon 5 suna kan PlayStation 5. Ma'ana yaron da ya sayi Call of Duty a kan Soni, Sony ta ɗauki kasonta, sauran ya tafi wajen Microsoft. Abokan gaba ne a kanti ɗaya, abokan ciniki a ɗayan.

Me ya sa a nan kowa Soni yake cewa, ko da wace na'ura ce?

Saboda ita ta riga shiga unguwa. A zamanin PlayStation ta farko da ta biyu, faifan kwafi sun cika kasuwa a kan 'yan riyaloli, kowane gida da kowane ɗakin samari akwai ƙwallon Winning Eleven. Kamfanin bai samu kuɗin lasisi a kan waɗannan faifan ba, amma ya samu tsara guda da ta tashi hannunta ya saba da maɓallan Soni masu alamar alwatika da da'ira. Yau da wasa ya koma intanet kuma kwafi ya yi wuya, waɗannan yaran su ne iyayen da ke biya. Haka abin yake a gidajen gem na Kano da Kaduna. Yaro kuma abin da abokansa ke da shi yake so, ba abin da ya fi ƙarfin inji ba.

Da can na'ura tana araha in ta kwana biyu. Me ya sa yanzu sai ƙara tsada take?

Gaskiya ne. PlayStation 2 ta fara a dala 299, ta sauko 199 a 2002, ta kai 99 a 2009. PlayStation 5 kuwa ta fito a 499 a 2020, aka ƙara mata kuɗi a ƙasashe da dama a 2022, a Amurka kuma ta koma kusan 550 a 2025. Xbox ma an ƙara mata sau biyu a Amurka a shekarar.

Dalilan sun haɗu ne. Da can duk bayan shekara biyu ƙwaƙwalwar na'ura kan ƙanƙance ta yi araha sosai, yanzu ƙanƙantar da ita tsada ne da ita, kuma masana'antun da ke iya yin ta kaɗan ne, babbarsu tana Taiwan. Sony da Microsoft duka wajen AMD suke sayen ƙwaƙwalwa, Nintendo wajen Nvidia. Ga hauhawar farashi, ga harajin shigo da kaya. Su kansu wasannin sun yi tsadar yi: takardun da suka fito a kotu a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ta ci kusan dala miliyan 220. Mu a nan kuma akwai harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari tun Yulin 2020, yana kan duk abin da ka ɗauka a kanti.

Ina Saudiyya ta tsaya a wannan kasuwa?

Ba ta ƙera na'ura, amma kuɗinta ya shiga ciki sosai. Asusun zuba jari na gwamnati ya sayi kashi 5 cikin ɗari na Nintendo a 2022, ya kai sama da kashi 8 a 2023, daga baya ya rage. Kamfaninsa Savvy Games ya sayi Scopely mai wasannin waya a dala biliyan 4.9 a 2023. A 2024 aka fara gasar cin kofin duniya ta wasannin gem a Riyad, da kyautar fiye da dala miliyan 60. A Satumban 2025 kuma aka sanar da cewa asusun da abokan hulɗarsa biyu za su sayi EA, masu wasan ƙwallon da aka sani da FIFA kafin ya koma FC a 2023, a kan dala biliyan 55. In ka lura, yawancin kuɗin wajen masu yin wasa ya tafi, ba wajen masu ƙera akwati ba.

Wayar hannu ba za ta kashe na'urorin ba?

An daɗe ana faɗar haka. Kuɗin da wasannin waya ke kawowa ya zarce na na'urorin gida, amma har yau ina ganin yara huɗu a kan tabarma ɗaya suna jiran layin hannu. Abin da waya ta ci shi ne kasuwar ƙananan na'urorin aljihu, wadda Sony ta fice daga cikinta bayan Vita.

Zan saya wa yaro tsaraba in kai gida. Wacce zan ɗauka?

Alhaji, kafin ka tambayi farashin akwati, tambayi abin da zai biyo baya. Sabon babban wasa dala 70 ne, sama da riyal 260, wasa bakwai ko takwas sun biya kuɗin na'urar. Don haka in gida za a kai ta, ɗauki mai cin faifai ko da ta fi tsada kaɗan. Faifai ana aro, ana musaya, ana sayar da shi in an gama. Marar faifai kuwa duk wasa sai an sauke shi, wani ya haura gigabait 100, ka san abin da hakan ke nufi ga kuɗin data.

A kula da asusu. Katin kuɗi na shagon Saudiyya a kan asusun Saudiyya kaɗai yake aiki, kuma ƙarin kayan wasa yana bin yankin faifan da aka saya. Buɗe asusun da sunanka, ka yi wa yaron nasa a ƙarƙashinka, ka sa iyakar abin da zai iya kashewa, kada ka bar katin banki a ciki. Wasannin ƙwallo suna da fakitin 'yan wasa da ake saye ba a san abin da ke ciki ba, har ƙasar Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018. Wannan wajen ne kuɗin iyaye ya fi zurarewa, kuma ya kamata uba ya zauna da ɗansa su yi maganarsa.

In yaran ƙanana ne kuma wuta ba ta zama, Switch tana da batir, in an ɗauke wuta wasa bai tsaya ba. In samari ne 'yan ƙwallo, tambaye su abin da abokansu ke da shi. PlayStation 4 ta hannu mai lafiya ma tana biyan buƙata, sai dai ka sa a kunna maka ita a gabanka, ka saurari ƙarar fankarta na minti goma, ka gwada duk maɓallan hannun. In ka isa gida ka haɗa ta da abin daidaita wuta, kada a jona ta kai tsaye a janareta, kuma a ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ba a ƙasa kan kafet ba.